Wayar Ba Ta Karye Ba

Ɗakin da ake saka wa fayiloli lamba yana can ƙarƙashin ginin asibitin, tsakanin ɗakin wanki da ma'ajiyar tsofaffin gadaje. Ba shi da taga. Abin da suke kira taga wani rami ne a jikin bango, faɗinsa bai fi na fayil ba, ta nan ake miƙo takardu. Fanka ɗaya ce, ita ma ba iska take bayarwa ba, kai kawai take juyawa. Shekara goma sha tara Jan Biro ta yi a kan kujera ɗaya a wannan ɗaki.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Likita ya yi aiki ya rubuta abin da ya yi, ita kuma ta karanta, ta mayar da rubutun lambobi, ta shigar a kwamfuta. Da lambobin ake sanin wanda zai biya: kamfanin inshora, ko mara lafiya, ko asibitin da kansa. Dokar aikin ɗaya ce: abin da likita ya rubuta shi ake sa wa lamba, ba abin da aka ji a baranda ba. In rubutu biyu suka saɓa wa juna, sai a cike takardar tambaya, a shigar da ita rajista, a aika wa likitan ya warware da hannunsa. Tambayar da ta shiga rajista kuwa ba ta fita. Wasu ma'aikatan sukan shekara ba su aika uku ba, domin likitoci ba sa son a tambaye su. Ita a mako takan aika goma, da jan biro, har sunan ya bi ta.

Mutane suna raina irin wannan aiki, kuma kuskure suke yi. Likita ɓangarensa yake karantawa, nas nata ɓangaren, akawu kuwa ƙasan shafi kawai yake leƙawa. A duk asibitin mutum ɗaya ne yake karanta fayil daga bango zuwa bango, shi ne wanda aka ajiye kusa da ɗakin wanki.

Ranar Talata da safe abokin aikinta ya turo mata wani fayil mai kauri. Dattijo ne da ake kira Baba Fansho, saboda kullum sai ya sanar da ɗakin kwana nawa ya rage masa ya ajiye aiki.

"Saura ɗari biyu da sha ɗaya," in ji shi. "Wannan kuma Oga ya ce ke za ki rufe shi, da hannunki, yau."

"Me ya sa ni? Naka hannun ya yi fansho kafin kai?"

"Ni ɗan aike ne. Ki tambayi mai kujera mai juyawa."

Fayil ɗin na wani mai walda ne, ɗan shekara arba'in da shida. An kawo shi da zazzaɓi mai tsanani, jijiyoyin hannunsa duk sun ɓuya, sai aka yanke shawarar sa masa bututun ƙarin ruwa a babbar jijiyar jini ta wuya. Yadda ake yi shi ne a fara zura siririyar waya cikin jijiyar, bututun ya bi ta kanta ya shiga, sannan a zare wayar. Duk ɗalibin likitanci ya san abu ɗaya game da wannan aiki: hannu ba ya barin wutsiyar wayar ko da gini zai rushe. Bayan kwana biyu aka ɗauki hoton ƙirjin mai walda, aka ga waya kwance daga wuyansa har bakin zuciya. Aka shiga da shi ɗakin aiki, wata babbar likita ta bi ta jijiyar cinya da ɗan zarge na ƙarfe, ta kamo wayar ta jawo ta. Mutumin ya rayu, ya warke. Kwana biyar ke nan da likitoci suka sallame shi, amma masu gadi ba sa buɗe ƙofa sai da takardar fita, takardar fita kuwa ba ta fitowa sai an rufe fayil.

Lamba uku aikin yake bukata. Ta farko, abin da aka yi: an ciro baƙon abu daga jijiyar jini. Ta biyu, inda aka same shi. Waɗannan ta shigar ba tare da ta buɗe littafi ba. Ta ukun ita ce mai magana: yaya aka yi abin ya shiga? In kayan aiki ne ya karye, to tsautsayi ne, inshora ta biya nata kason, saura ya hau kan mara lafiya. In kuwa hannun mai aiki ne ya bar shi a ciki, asibiti ne zai ɗauki nauyin komai, kuma kwamfutar da kanta take tura sunan likitan ga kwamitin bincike.

Likitan da ya sa bututun ya rubuta layi ɗaya: "Bakin waya ya karye lokacin zarewa."

Tun kafin ta kai ga sa hannun ta gane rubutun. Ita ta riƙe wannan hannu yana koyon rubutu a kan tiren cin abinci, ita ta yi ta fama da shi ya daina jingina haruffa baya, bai daina ba. Rubutun Auta ne, ƙanenta.

Ta ɗora yatsa a kan lambar karyewa. Da ta danna da shi ke nan. Amma shekara goma sha tara ba ta taɓa rufe fayil ba tare da ta kai bangon ƙarshe ba, hannunta ya buɗe shafi na gaba da kansa. Babbar likitar da ta ciro wayar ta rubuta: "An ciro waya, tsawonta santimita sittin, bakinta mai lanƙwasa yana nan lafiya." A shafin nas kuma, an manna 'yar takardar da ke jikin ledar da wayar ta zo a ciki. Santimita sittin.

Abin da ya karye ba ya fitowa cikakke. Sakin ta aka yi.

Ta cire tabarau ta ajiye. Mahaifinsu ya rasu tana da shekara goma sha tara, Auta yana da huɗu. Ta bar makaranta ta shigo asibitin nan a matsayin mai ɗaukar fayiloli, ta koya wa kanta littafin lambobi a lokacin cin abinci. Takalminsa na makaranta, littattafansa, rigar likitancinsa ta farko, duk daga wannan kujera suka fito. Wata takwas ya rage masa ya kammala horon ƙwarewa.

Aka ƙwanƙwasa ramin bango. Fuskar wata mata ce, ta sunkuyo don ta ga ciki.

"Sannunku da aiki. Don Allah nan ne ake rufe fayil? Ni ce matar mai walda, gado na tara. Sama sun ce ƙasa, ƙasa sun ce sama."

"Ana kai, baiwar Allah," in ji Baba Fansho.

"Kullum ana kai. Mutum ya warke garau, yana zaune a bakin gado kamar ɗan kurkuku. Jiya har ƙafar gadon maƙwabcinsa ya gyara da cokali, don zaman ya ishe shi." Ta yi 'yar dariya, sannan ta rage murya. "An ce mana namu kason mai yawa ne. Mun sami mai sayen injin waldar, ya ce zai jira zuwa Alhamis. Ku dai faɗa mana nawa ne mu san inda muke."

"In ya sayar da injin, da me zai yi aiki?" Jan Biro ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"To Anti, a nan ciki ma da me yake yi?"

Da matar ta tafi, Jan Biro ta ɗauki fayil ta hau bene wurin Oga, shugaban sashen kuɗi. Ofishinsa yana da taga biyu da labule. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta taɓa jawo masa asarar komai ba.

"Ranka ya daɗe, akwai saɓani a fayil ɗin nan."

"Na sani. Zauna mana."

"Ka sani?"

"Shi ya sa na ce a ba ki." Ya tura mata kwalbar ruwa. "Mu yi magana ta manya. Fayil ɗin da ke ɗauke da sa hannunki, inshora ba sa ko buɗe shi. Sun san ki. Likita ya rubuta ta karye, doka ta ce ki bi abin da likita ya rubuta. Ina laifinki a ciki?"

"Likita biyu ne suka yi rubutu."

"Ɗayar tsawo kawai ta auna, ba ta ce komai ba. Ke ce kike haɗa wannan da wancan." Ya juya kujerarsa. "Asibiti ya huta, yaronki ya huta. Ni fa taimakonki nake yi. Da wani na ba, ya je ya yi surutu, me za ki ce?"

"Mai walda fa?"

"Mai walda ya shigo a kwance, zai fita da ƙafarsa. Ya gode wa Allah."

Ta fito ba ta taɓa ruwan ba. Ya san abin da yake yi. Amanar da ta shekara goma sha tara tana tarawa ita yake so ya kashe a rana ɗaya, kuma ya zaɓi ranar da ya san ba za ta iya cewa a'a da sauƙi ba. Irin waɗannan mutane ba sa yin ƙarya da bakinsu. Nemo wanda ke cikin matsi suke yi, su miƙa masa biro.

Ta sami Auta a matattakalar baya, inda ƙananan likitoci suke zama su ci abinci a gurguje. Yana ganin fayil a hannunta ya ajiye burodin.

"Yaya."

"Santimita nawa ce wayar da ka sa?"

Ya dubi bango.

"Da kai nake."

"Sittin."

"Nawa aka ciro?"

"Yaya, don Allah. Awa talatin na yi a tsaye ranar. Mutumin ya yi tari ya zabura, nas tana kira na, wai numfashin mai gado na biyu ya tsaya. Na juya, wallahi daƙiƙa ɗaya ce. Na ɗinke bututun na ruga. Ban san ta shige ba sai da hoton ya fito."

"Wannan na yarda. Hannu yana kuskure. Rubutun fa? Shi ma tari ya yi?"

"Babban likitanmu ne ya ce in rubuta haka. Ya ce kowa haka yake yi."

"Shi ya sa hannu?"

"A'a."

"To ka gani."

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta lura da wannan duk da ba ta so.

"In ya je kwamiti, dakatar da ni za su yi. Shekarar nan ta tafi, wataƙila gurbin ma ya tafi. Duk wahalar da kika sha a kaina, Yaya. Lamba ɗaya ce fa. Babu wanda ya mutu."

"Injinsa zai sayar ranar Alhamis."

"Zan biya masa. In na fara samun albashin ƙwararre zan neme shi."

"Ka san inda shagonsa yake?"

Bai sani ba. Ko sunan mutumin sai da ya yi tunani.

Ta koma ƙasa ta zauna, fayil a gabanta, har aka tashi daga aiki ba ta taɓa shi ba. Baba Fansho yana ɗaure igiyar takalminsa ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Ki bar min shi a tebur in kin ga dama. Idona ya daina ganin ƙananan rubutu. Shafin farko nake karantawa in rufe. Ke ba ki gani ba, ni ban gani ba."

"Na riga na gani, Baba."

"Matsalarki ke nan tun da na san ki. Karatu ya yi miki yawa."

Ta kulle fayil ɗin a aljihun teburinta ta tafi da makullin.

Da yamma ta biya gidan Mama don ta kai mata maganin hawan jini, kamar yadda take yi kowace Talata. Ta tarar labari ya riga ta. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, rediyo a kashe, abin da ba ta taɓa yi.

"Babba, zauna. Auta ya kira ni yana kuka. Namiji da gemunsa."

"Mama, ba ki san yadda abin yake ba."

"Ban yi boko ba, amma na san ɗan'uwa. An ce takarda ce a hannunki. Ke kika goya shi, ke kika yi masa komai, ni haihuwarsa kawai na yi. Yanzu da ya kusa zama mutum za ki sa ƙafa ki taɗe shi?"

"Akwai wani bawan Allah da za a ɗora wa abin da bai ci ba. Yana da mata da 'ya'ya."

"Ɗanki ne?"

"A'a."

"Ƙanenki ne?"

"A'a, Mama."

"To." Ta karɓi ledar maganin ta ajiye a gefe ba ta duba ba. "Ubanku ma haka yake, gaskiya, gaskiya, har ya mutu bai bar mana ko kujera ba. Ki rufa wa ɗan'uwanki asiri. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Wannan ba gaskiya ba ne, ta sha roƙonta, amma ba a faɗa wa uwa haka. Jan Biro ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fito.

A motar haya ta yi ta juya abin. In ta danna lambar karyewa, ta ci amanar mutumin da bai san ma tana duniya ba. In ta danna ɗayar da kanta, ta karya dokar aikinta, domin babu likitan da ya rubuta cewa sakin wayar aka yi. In ta ba Baba Fansho, ƙaryar dai ita ce, ta ari hannun tsoho ne kawai. In ta yi shiru, mai walda yana nan a gado na tara. Ƙofa ɗaya ta rage, wadda ta saba bi sau goma a mako ba tare da ta ji komai ba.

Da safe ta riga kowa zuwa. Ta zaro takardar tambaya, ta cire murfin jan biro, ta rubuta kamar yadda take rubuta wa kowane likita:

"Likita, bayaninka ya ce bakin waya ya karye. Bayanin ciro ta ya ce tsawonta santimita sittin, bakinta lafiya. Takardar ledarta ta ce santimita sittin. A fayyace yadda wayar ta kasance a cikin jijiya."

Ta shigar da ita rajista. Kwamfuta ta ba tambayar lamba da lokaci. Daga nan ko ita ba ta isa ta goge ba.

Oga ya kira wayar ɗakin kafin ƙarfe tara. Bai yi fara'a ba. Ya ce ya ɗauka tana da hankali, ya ce akwai maganar mayar da ita ofishin sama da ake yi, yanzu sai ta manta da ita. Ta ce to, ranka ya daɗe.

Wajen sha ɗaya Auta ya sauko da kansa. Bai shigo ta ƙofa ba. Ya tsaya a ramin bango kamar kowane baƙo, ba ta ganin komai sai ƙirjinsa da takardar a hannunsa.

"Kin sa tsawon duka biyu," ya ce. "Ko na sake cewa ta karye, duk wanda ya karanta zai gani."

"Haka ne."

"Kin kulle ni, Yaya."

"Ni ma a ciki nake."

"Da kin bari na gama wata takwas ɗin nan."

"Da na bari, da ka gama ka zama irin babbanku. Wata rana kai ma ka ce wa wani yaro ya rubuta ta karye. Ba zan rubuta maka ƙarya ba, ba kuma zan faɗi gaskiyar a madadinka ba. Layin amsa naka ne. Ga biro."

"Ina da nawa."

Ya jingina takardar a bango. Ta ji ƙarar biron a kan siminti, ya tsaya, ya ci gaba. Baba Fansho ya tsura wa littafin lambobi ido kamar yau ya fara ganinsa. Takardar ta shigo ta ramin. Haruffan sun jingina baya kamar kullum: "Wayar ba ta karye ba. Ta kuɓuce daga hannuna lokacin aiki. Bayanina na farko ba daidai ba ne." Ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Ta ɗago za ta yi magana, ramin babu kowa.

Ta buɗe littafi ta duba lambar, duk da ta san ta da ka. Ta shigar. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Kason mara lafiya ya koma babu. A ƙasan allon wani ɗan layi ya fito cewa an sanar da kwamiti.

Takardar fita ta isa gado na tara bayan azahar. Jan Biro ba ta ga fitarsu ba, ɗakin ba shi da taga. Baba Fansho ne da ya je shan shayi ya dawo da labari: mai walda ya fita yana ɗauke da bokiti da filo, matarsa tana ta yi wa akawun sama godiya, har da addu'a ga iyayensa, don ta ɗauka shi ya yafe musu.

Kwamiti ya dakatar da Auta wata shida, uku saboda wayar, uku saboda rubutun farko, kuma zai maimaita shekarar. An ce da bai gyara da hannunsa ba, da korarsa za a yi. Babbansu da ya ba shi shawarar yana cikin waɗanda suka zauna a kwamitin. Oga yana nan da tagoginsa biyu.

Talatar da ta biyo baya ta kai wa Mama magani. Tsohuwar ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta ƙara muryar rediyo. Takalmin Auta yana bakin ƙofar ɗakin ciki, ƙofar a rufe. Jan Biro ta zauna minti goma, ta jera ƙwayoyin a cikin 'yar robarsu, na safe daban, na yamma daban, ta tashi.

Washegari ta sauka matattakala ta wuce ɗakin wanki, ta buɗe ƙofa, ta kunna fankar.

"Saura ɗari biyu da uku," in ji Baba Fansho. "Ke fa?"

Ba ta taɓa ƙirgawa ba. Aka turo sabon fayil ta ramin bango, ta jawo shi, ta buɗe daga shafin farko.